Tashar da Ba Ta da Ma'aikaci: Amsoshin Tambayoyinku Kan Ƙananan Tashoshin Jirgin Ƙasa na Karkara

Filin namu na wannan karo ya tsaya kan abu guda, saboda wasiƙun da suka taru a kansa: ƙaramar tashar jirgin ƙasa ta karkara, wadda ba ta da ma'aikaci ko ɗaya. Dandamali, rumfa, allon suna, sai fitila. Tambayoyin da suka yi kama da juna mun haɗe su wuri ɗaya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga hoton wata tasha a tsakiyar daji, babu ofis babu ma'aikaci, amma an ce jirgi yana tsayawa a can. To wa ke gudanar da ita? (Daga wani ɗalibi)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗalibi. Mutane ne ke gudanar da ita, sai dai ba a nan suke zaune ba. Fara ƙirga ayyukan da tashar ƙauye take yi a zamanin jirgin tururi. Akwai mai sayar da tikiti. Akwai mai auna kaya ya rubuta takardar lodi, ya sa a tura taragon kaya gefe. Akwai mai sigina da ke jan sandunan ƙarfe yana ba jirgi hanya, yana sauya masa layi. Akwai mai rufe ƙofa inda hanya ta ratsa dogo, da mai zuba wa fitilu kananzir yana goge gilashinsu. Sannan ga shugaban tasha a kan kowa, galibi ma gidansa a cikin tashar yake.

Yau tikiti ya koma hannun kwandasta a cikin jirgi, ko na'ura, ko wayar fasinja. Sigina ya koma wata cibiya da za ta iya kasancewa kilomita ɗari daga wurin. Fitilu suna kunna kansu idan duhu ya yi. Shara da ƙananan gyare-gyare na hannun ayarin da ke zagaya tashoshi a mota. Kaya kuwa manyan motoci sun kwashe su tuntuni. Abin da ya saura, wato sanin lokacin jirgi, tsayawa inda ya dace, da kiyaye kai wajen tsallaka dogo, ya dawo wuyan fasinja. Wannan kason ne aka fi mantawa da shi, kuma ta nan yawancin matsala ke shigowa.

Dokar jiragen ƙasa ta Jamus ta raba abin sarai: wurin da ke da aƙalla makarkata ɗaya, wato inda jirgi ke iya barin wani layi ya hau wani, shi ne tasha. Wanda ba shi da ita matsaya ce kawai. Irin waɗannan wurare ba kaɗan ba ne. A Japan, ƙididdigar watan Maris na 2020 ta nuna tashoshi 4,564 cikin 9,465 ba su da ma'aikaci, kusan rabi ke nan.

Tambaya: Shin haka aka gina su tun farko, ko daga baya aka kwashe ma'aikatan? Kuma me ya sa da yawa suke nesa da ƙauyen da aka sa musu sunansa? (Daga wata malamar tarihi)

Amsa: Malama, iri biyu ne, kuma da ido ake bambance su.

Iri na farko a haka aka haife shi. A 1903 kamfanin Great Western na Ingila ya fara amfani da tarago ɗaya mai ɗauke da injin tururinsa a ciki, tsakanin Chalford da Stonehouse, don kada motocin haya da jiragen cikin gari masu lantarki su ƙwace masa fasinja. Ya kafa 'yan matsayai kusa da gidajen mutane, Turawa suka kira su halt. Dandamalin katako ne, wani lokaci da rumfar kwano, tikiti kuma a cikin jirgi. Irin wannan ba za ki ga fili ko kango a gefensa ba, domin ba a taɓa gina komai ba.

Iri na biyu cikakkiyar tasha ce da aka yi wa kwasa a hankali, kuma kusan ko'ina tsarin ɗaya ne. Kaya ne ke fara tafiya. Da kaya suka tafi, layin gefe ya rasa amfani, aka ɗauke shi. Da aka ɗauke shi, babu makarkatar da za a ja, sai aka rufe ɗakin sigina. Mai sayar da tikiti shi ke zama na ƙarshe, har ran da aka lissafa aka ga albashinsa ya fi abin da yake tarawa. Shi ya sa muke cewa kaya ne suka riƙe ma'aikatan tashar ƙauye, fiye da fasinja. A Biritaniya babbar girgizar ta zo da rahoton Dakta Richard Beeching na Maris 1963, wanda ya nuna kashi ɗaya bisa uku na layukan ƙasar kashi 1 cikin 100 kacal na zirga-zirga suke ɗauka, ya kuma ba da shawarar rufe tashoshi 2,363 da kimanin mil 5,000 na dogo. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira, da sharaɗin rasa ma'aikatansu suka tsira.

Maganar nisa kuwa, dogo ba ya bin mutane, shimfiɗar ƙasa yake bi. Hawan mita 1 a cikin kowace mita 100, wanda mai tafiya a ƙasa ba zai ko ji shi ba, hawa ne mai wuya ga jirgin kaya. Don haka layi ya bi kwari, ƙauye kuma yana kan tudu. Tashar ma dole a ɗora ta a wuri mai lebur don kada taragon da aka ajiye ya gangara da kansa. Tsohuwar ƙa'idar Biritaniya ta ce kada gangaren tasha ya fi 1 cikin 260. Wasu kuma ba don fasinja aka kafa su ba sam. An kafa su ne don injin tururi ya sha ruwa, ko don jirage biyu su kauce wa juna. Corrour ta Sikotland, a kan layin da aka buɗe a 1894, tana kan tsayin mita 408 kuma babu titin jama'a da ya kai gare ta. Berney Arms ta gabashin Ingila, wadda aka buɗe a 1844, tana tsakiyar fadama ne domin mai ƙasar, Thomas Trench Berney, ya sayar da filinsa bisa sharaɗin a riƙa tsayawa a wurin.

Tambaya: Layi ɗaya ne tal, jirgi na zuwa daga gabas wani daga yamma, kuma babu kowa a tasha. Me ke hana su yin karo? (Daga wani direban mota)

Amsa: Malam, ka taɓo ainihin dalilin da ya sa ma'aikata suka daɗe a tashoshin da ba su da ciniki. Ana yanka layi ɗaya zango-zango, daga wannan wurin kaucewa zuwa wancan, kuma ƙa'idar ita ce jirgi ɗaya a zango ɗaya. Tsohuwar dabara sanda ce guda ɗaya ga kowane zango, an zana sunan zangon a jikinta. Duk direban da ba ya riƙe da ita ba ya shiga. Tunda ita kaɗai ce, jirage biyu ba za su riƙe ta lokaci guda ba. Matsalarta, idan jirage biyu za su bi juna ta fuska ɗaya, na farko ya tafi da sandar ya bar na biyu.

Bayan karon da jirage biyu suka yi a Thorpe kusa da Norwich ta Ingila a Satumba 1874, inda mutum 25 suka rasu saboda kuskuren umarni, Edward Tyer ya ƙera na'urar da ta warware wannan. Na'ura biyu ne, ɗaya a kowane bakin zango, waya ta haɗa su, kowace cike da faifan ƙarfe. Sai masu sigina biyu sun yarda faifai ɗaya zai fito. Da ya fito, duka na'urorin sun kulle har sai an mayar da shi cikin ɗayansu. Ka ga ke nan dole a sami mutum a kowane baki.

Duk da haka na'ura ba ta karanta wa direba abin da ke hannunsa. Ranar 26 ga Janairu 1921 a Abermule ta Wales, ma'aikatan tasha suka ruɗe suka mayar wa direba faifan zangon da ya riga ya wuce. Bai duba sunan da ke jiki ba, ya shiga zango na gaba, ya haɗu da jirgin da ke riƙe da faifan gaskiya. Mutum 17 suka rasu.

Abin da ya raba tashoshin nesa da masu sigina shi ne mayar da faifan nan saƙon rediyo. An fara shi a 1984 a layin Dingwall zuwa Kyle of Lochalsh a Sikotland. Direba ya kira cibiya, kwamfuta ta tabbatar zangon fanko ne, sai sunan zangon ya bayyana a allon da ke gabansa. Ba za ta ba wani ba sai ya mayar. Makarkatun wurin kaucewa kuma ana saita su su riƙa komawa mazauninsu da kansu bayan jirgi ya wuce, shi ya sa ake binsu a hankali, kimanin kilomita 24 a awa. A wasu layukan, na'urar ƙirga ƙafafun jirgi ce ke aiki: idan adadin da ya shiga zango bai yi daidai da wanda ya fita ba, sigina ba ya sauka daga ja.

Tambaya: An ce wasu tashoshin sai an tsayar da jirgi kamar motar haya. Yaya ake yi, kuma ina ake kuskure? (Daga wata mai shirin tafiya)

Amsa: Hajiya, fara da jadawali. Tashar da ake tsayawa sai an nema tana da alama a gefen sunanta, kuma ba kowane jirgi da ke bi ta nan ne ke da izinin tsayawa ba. Ki isa da wuri, ko da minti goma, domin jirgin da bai tsaya a tashoshin baya ba yana iya ɗan riga lokacinsa. Ki tsaya a sarari a kan dandamali, nesa da baki, ba a cikin rumfa ba. Da kin hango shi ki miƙa hannu ɗaya ki bar shi a miƙe har ki ga yana rage gudu. Da dare fitilar hannu tana taimakawa, amma a haska ƙasa ko jiki, kada a dalle idon direba. Kada kuma a ɗaga hannu biyu sama ko a kaɗa jan abu, domin a wurin direba wannan alamar haɗari ce.

Mai sauka ya gaya wa kwandasta tun yana shiga, ya kuma tambayi ƙofar da za ta buɗe. Dandamalin Beauly a Sikotland mita 15 ne da 'yan kai, ƙofa ɗaya kawai ke buɗewa. A layukan karkarar Japan masu direba shi kaɗai, yawanci ta ƙofar baya ta tarago na farko ake shiga, a ciri 'yar takarda mai lambar tasha, a biya a wurin direba lokacin sauka.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jinkirin ɗaga hannu. Ƙarfe a kan ƙarfe ba ya kamawa kamar taya a kan kwalta. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kuma da birki na yau da kullum yana bukatar mita 400 zuwa 800 kafin ya tsaya, fiye da haka idan raɓa ko ganye ya sa dogo santsi. Wannan lissafin ya shafi mai tsallakawa ma: idan daƙiƙa 10 za ki yi kafin ki haye, kina bukatar ki ga dogo fanko har mita 280 ta kowane ɓangare. Tun Agusta 2022 aka fara sa maɓalli a tashar Scotscalder ta Sikotland, wanda ke aika wa direba saƙo ta rediyo, don ya san akwai mai jira kafin ya iso.

Tambaya: Ni magini ne. Me ake ginawa a irin wannan tasha, kuma mene ne ke fara lalacewa idan babu mai zama?

Amsa: Malam magini, dandamali shi ne komai, kuma ba daga ƙasa ake auna shi ba, daga saman ƙarfen dogo ne. A Biritaniya tsayinsa milimita 915. A yawancin Turai 550 ko 760. Tazarar bakinsa daga dogo ma ƙayyadadda ce: ya matso, jirgi ya goge shi, ya ja baya, ƙafa ta faɗa tsakani. A kan kwana tazarar tana ƙaruwa, domin tarago miƙaƙƙe ne dandamali kuwa ya lanƙwasa. Ana ba samansa ɗan gangare zuwa baya, don ruwa ya bar dogo, keken jariri ko na guragu kuma kada ya gangara ƙarƙashin jirgi. Bayan haka sai shinge, rumfa, fitilu, allon jadawali da wayar neman taimako.

Tsofaffin dandamali da yawa sun yi ƙasa, ba don sun nutse kaɗai ba. Duk lokacin da aka ƙara tsakuwa aka dake ta, dogo yana ɗan hawa, dandamali yana nan inda yake, shekara hamsin sai matakin ya gagari tsoho. A 2008 aka gwada magani mai sauƙi a Harrington ta arewa maso yammacin Ingila: maimakon a sake ginin duka, aka ɗora ɗan tudu mai gangare ta gefe biyu daidai inda ƙofa ke tsayawa. Ya yi aiki har aka bi da shi wasu tashoshi, sai dai yana bukatar direba ya tsaya daidai kan alama.

Abin da ke fara lalacewa magudanar ruwa ce. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Ganye ya toshe ta, ruwa ya kwanta a bayan bangon dandamali, ƙasar ciki ta jiƙe ta yi nauyi ta turo bango waje, duwatsun baki su fara motsi. Dutsen baki mai motsi shi ne mafi haɗari a tashar duka. Dandamalin katako daga ƙarƙashi yake ruɓewa, a wajen kusoshi da inda ƙafafunsa suka taɓa ƙasa, alhali samansa yana nan kamar lafiya lau. Da tsinken ƙarfe ake soka shi a gane. Sai ciyayi da bishiyoyi, waɗanda ke tsaga gini da saiwarsu, suna kuma tare wa direba da mai tsallakawa gani. Fitilar sola kuwa batirinta ne ke gajiya kafin faifanta, sai ta kunnu da magariba ta mutu da tsakar dare, mai dubawa da rana ba zai sani ba. A ganinmu duk wanda ke kula da irin wannan tasha ya kamata ya riƙa zuwa mata da asuba ko da sau ɗaya a wata. Gilashin da ya fashe ma a sauya shi cikin mako. Idan aka bar ɗaya, saura ba sa daɗewa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tambaya: Ina so in rubuta tarihin wata tsohuwar tasha irin wannan. Ta ina zan fara? (Daga wani mai bincike)

Amsa: Malam, nemi ranaku huɗu tukuna: ranar buɗewa, ranar da aka daina karɓar kaya, ranar rufe ɗakin sigina, da ranar janye ma'aikata. Su ne ƙashin bayan labarin. Ka yi hattara da ta farko, domin ranar bikin buɗewa daban take da ranar da jama'a suka fara hawa, kuma sau da yawa kaya sun riga fasinja da watanni. Ka bincika ko an taɓa sauya wa tashar suna, ko an matsar da ita 'yan ɗaruruwan mita, domin wannan ne ke sa marubuta su haɗa tasha biyu su zama ɗaya.

Jadawalin jama'a yana gaya maka jirage nawa ke tsayawa. Jadawalin aiki na ma'aikata ya fi shi amfani nesa ba kusa ba, domin a ciki za ka ga jiragen kaya, inda ake kaucewa, inda ake shan ruwa, da sa'o'in da ɗakin sigina ke buɗe. Ka jera tsofaffin taswirori na shekaru daban-daban, za ka ga layin gefe ya bayyana ya kuma ɓace. Littafin albashi yana ba ka yawan ma'aikata da muƙamansu.

Sannan ka je wurin. Fili mai lebur cike da ciyawa a bayan dandamali filin kaya ne. Ginin da ya kai tsayin bakin tarago a can gefe wurin lodi ne. Ƙafafun kankare huɗu a murabba'i gindin tankin ruwa ne. Dandamali na biyu da ba dogo a gabansa, ko gadar da faɗinta ya isa layi biyu amma ɗaya ke bi, shaida ce ta layin da aka ɗauke. A jikin ƙarfen dogo akwai sunan masana'anta da shekara, amma shekarar ƙira ce ba ta shimfiɗawa ba. Al'adar kamfanoni ce su ciro ƙarfen da ya gaji a babban layi su kai shi ƙaramin reshe. Duk wannan daga kan dandamali ko bayan shinge za ka duba shi, kada ka sauka kan dogo. Tsofaffin ma'aikata da iyalansu sun fi kowa sanin yadda aiki ke gudana, sai dai duk shekarar da suka ba ka ka gwada ta da takarda.

Tambaya: Idan fasinja bai taka kara ya karya ba, me ya sa ba a rufe su kawai? (Daga wani ɗan kasuwa)

Amsa: Alhaji, domin tashar da ba ma'aikaci ba ta cin kuɗi sosai muddin layin yana aiki. Jirgi mai tan 80 da ya tsaya daga gudun kilomita 100, man da zai ƙona ya koma gudunsa bai fi kimanin lita 3 ba. Abin da ya fi tsada shi ne minti biyu zuwa uku da tsayawar ke ci. Rufewa kuma ba wasa ba ce. A Biritaniya sai an bi matakan doka an ji ta bakin jama'a, shi ya sa tashoshi kamar Denton suka shekara da shekaru jirgi yana tsaya musu sau ɗaya a mako.

Ana rufe su idan babban gyara ya taso, ko kamfani ya shiga matsi. Kyu-Shirataki ta tsibirin Hokkaido na Japan, wadda ta yi suna saboda ɗalibar sakandare ɗaya da ke hawa a nan kullum, an rufe ta ranar 26 ga Maris 2016, a watan da ɗalibar ta gama makaranta. Koboro kuwa, a wannan tsibiri, wadda ke maƙale tsakanin ramuka biyu da dogo ke ratsa dutse ta cikinsu, ba titi ba gida, kamfanin jirgin ya so rufe ta a 2015, sai hukumar garin Toyoura ta ɗauki nauyin kuɗin kula da ita, jirgi ya ci gaba da tsayawa.